Ruwan Alwala a Kan Dutsen Shere

Makon jiya wasu samari uku suka shigo shagona da ke Nasarawa, a nan Birnin Kebbi. Sun gama karatu, aiki bai samu ba, suna so in koya musu sana'ata. Ɗayansu ma ya ce ya riga ya gane ta: a tara mutane ta waya, a ɗauki shatar mota zuwa Jos, a hau dutse, a kwana, a yi hotuna, a dawo. Ban musa masa ba, don ta wata fuskar haka abin yake. Sai dai na roƙe su su bar ni in rubuta musu abin da na sani, domin idan da baki ne nakan manta rabi, sauran rabin kuma in yi ta kewaye-kewaye. Ban ce na fi kowa sanin aikin ba. Wataƙila akwai masu yin sa ta hanyar da ta fi tawa. Abin da na gani kawai zan faɗa.

Aikina shi ne in shirya mutanen da ba su taɓa hawan abin da ya fi tudun Dukku ba, in kai su duwatsun Shere da ke kusa da Jos, mu hau da rana, mu kwana a can sama, mu ga fitowar rana, mu sauko. Hawan yini ɗaya ne da kwana ɗaya. Shirin kuwa mako shida ne, kuma a cikin shirin sana'ar take.

Jaka ta farko da aka zazzage a gabana tawa ce. Na yi bautar ƙasa a wata makarantar ƙauye da ke gindin duwatsun, ina koyar da labarin ƙasa. A nan na haɗu da Baba Azi, manomin dankali da acca, wanda ya fi shekara talatin yana raka baƙi sama. Ranar da zan fara bin sa na zo da jakar goyo cike taf, ya ce in sauke. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya juye komai: littattafai biyu, taswira, shaddar canji, kwalbar turare, har da ƙaramin madubi. Ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, "Malam, wannan in sanyi ya kama ka zai rufe ka? In ƙishi ya kama ka za ka sha shi?" Abin da ya mayar cikin jakar bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran wurin ya cika shi da jarkar ruwa, ya ce in goya. Bayan na gama bautar ƙasa na ƙara shekara guda ina bin sa da wannan jarka. A wurinsa na koyi cewa ayari da ƙafar mafi rauni yake tafiya, kuma wanda ke mita a hanya lafiyarsa ƙalau, wanda ya yi shiru shi ake dubawa. Bai taɓa karanta littafi a kan hawan dutse ba. Ni na karanta da dama, kuma ban ga inda suka ƙaryata shi ba.

Da na dawo gida na buɗe shago, kayan aikina ba su da yawa. Akwai sikeli irin na dillalan shinkafa, don auna jaka. Akwai tantuna shida da wani tela mai ɗinka tamfol ya yi mini, na sa ya ninka ɗinkin sau biyu, ko da yake ya ce sau ɗaya ya isa. Rigunan sanyi, huluna da safa daga gwanjo nake tsinto su. Sai tociloli, igiya, filasta, da ƙullin gishiri da sukari. Sai kuma takardata, wadda nake rubuta duk abin da kowa zai ɗauka, in bi ta da biro sau uku kafin a tashi.

Mutanen Kebbi ba su yarda akwai sanyi a duniya ba, musamman idan watan Maris ya kama, kwalta tana narkewa. In ka miƙa wa mutum rigar ulu sai ya dube ka kamar ka taɓu. Saboda haka nakan kai su wurin wani abokina mai ɗakin ƙanƙara inda ake ajiye kifi, in ce kowa ya shiga da 'yar shararar rigarsa ya yi minti biyar. Ba wanda ya taɓa cika biyar ɗin. Takalmi kuwa ba na yarda da sabo. Duk wanda ya sayi kambas sai ya taka shi mako uku tukuna. Kowace Asabar mukan tafi Ambursa, kowa da jaka cike da shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a bayansa, mu yi ta zagaya fadama har rana ta take. Manoma suna yi mana dariya, suna cewa in wahala muke nema ga gona nan, a zo a yi dashe.

Shekara huɗu ina haka ba abin da ya taɓa samun kowa, in ban da ƙafa da ta yi bororo. Sai na fara ganin takardata ta cika, ba abin da ta rage. A shekara ta biyar Kawu Manu ya zo.

Kawu Manu masunci ne daga Argungu, ya haura sittin, hannuwansa kamar itacen ƙirya. Wanda ya jawo shi Malam Lawal ne, wani Bakatsine da ke koyar da lissafi a nan garin, wanda ya daɗe yana sayen kifi a wurinsa. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Kabawa da Katsinawa. Malam Lawal ya rubuta suna cikin ayarin malaman makaranta su bakwai, ya je sayen kifi ya yi ta cika baki, ya ce ai Bakabe kifi ne, in ya bar ruwa da taku goma sai a zo da kwando. Bayan kwana biyu sai ga Kawu Manu a ƙofar shagona, ɗan kabu-kabu ya sauke shi daga tasha.

"Kai na mai kai mutane bisa dutsi?"

Na ce ni ne, Kawu.

"Rubuta ni. In wanga Bakatsine da ba ya iya ɗaukar buhun gero ya hau, aradu ni da gudu nika hawa."

Na so in ce shekarunsa sun yi yawa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, wataƙila zai yi kyau a fara ganin likita. Ya je, likita ya ce zuciyarsa ta fi ta wasu samari. A Ambursa kuwa shi ke gaba kullum, yana waiwayen Malam Lawal yana cewa, "Bawana, in goya ka?" Malam Lawal yana haki yana amsawa, "Bari mu je inda ba gulbi, tarwaɗa, za ka yi bayani." Gaskiya ban taɓa shirya ayari mai daɗi kamar wannan ba.

Ranar awon jaka ta ƙarshe, jakar Kawu ta haura ƙa'ida da kusan kilo biyu. Da na buɗe sai na ga ƙunshin kifin banda da yaji, wanda matarsa Inna Kulu ta haɗa masa. Na san gishiri da yaji suna kiran ruwa. Guzurin da nake ba mutane dabino ne da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, daidai gwargwado. Amma ya ce, "Kulu ta kwana uku tana yin wanga abu, in na bar shi nan kai za ka yi mata bayani." Aka yi dariya. Na mayar da ƙunshin, na zuge jakar.

Ga yadda lissafin ruwana yake a lokacin. Kowa zai ɗauki lita huɗu daga ƙasa. A ƙarƙashin filin da muke kafa tanti akwai wani idon ruwa da ke fitowa daga tsagin dutse, a nan muke cika gorunanmu da jarka don dare da saukowa. Duk shekarun nan a wannan idon ake alwala da tsarki da wanke baki, ban taɓa sa su a takarda ba, domin ban taɓa ɗauko musu ruwa daga ƙasa ba. Mako biyu kafin tafiyar na buga wa Baba Azi waya. Ya ce damina ta ɗauke da wuri, idon yana ɗiga amma ya yi rauni. Na rubuta a takardata: akwai ruwa. Na bi layin da biro sau uku kamar sauran.

Muka yi yini guda a mota, muka kwana a ƙauyen Baba Azi, da hantsi muka kama hawa, mu goma har da ni da shi. Da rana ta karkata muka tsaya a inuwar wani dutse don salla. A nan na fara ganin abin. Kawu Manu ya tsuguna, ya karkata gorarsa ta lita biyu, ya yi alwala irin wadda ya saba yi a bakin gulbi tun yana yaro, ruwa na bin gwiwar hannu yana zuba a ƙasa. Ba ɓarna yake yi da gangan ba. Mutumin da ya tashi ruwa na wucewa ta bayan gidansu dare da rana bai taɓa tunanin alwala tana da awo ba. Sauran malaman ma, 'yan Gwadangaji da Augie, haka suka yi. Na ce a raina ba komai, ido yana gaba.

Da yamma muka isa. Ni da Baba Azi muka gangara da jarka. Tsagin dutsen ya bushe. Ya tona da wuƙarsa har tsawon kamu ɗaya, ba abin da ya samu sai laka mai danshi. Ya zauna a kan duga-dugansa ya dube ni.

"Malam Bashar, je ka gaya musu. Daga yanzu ruwa na baki ne kawai."

Na ce ko shi zai faɗa, tunda ya girme ni.

"Maganar salla ce. Ni ba Musulmi ba ne, ba ni da baki a ciki. Ni jarka na sani, ga ta nan ba komai. Mutanenka ne."

Hukuncin ba ɓoyayye ba ne, tun a makarantar allo aka koya mana shi. Wanda ke tsoron ƙishirwa ga kansa ko abokin tafiyarsa, ya ajiye ruwan ya yi taimama. Na san wannan sarai. Na hau na tarar Magariba ta yi, Kawu har ya naɗe hannun riga. Na tsuguna a gefensa, na sassauta murya don kada sauran su firgita.

"Kawu, ina ganin kamar da za a ɗan taƙaita ruwan nan, wataƙila zai fi. Akwai ma maganar taimama, in an ga dama. Ko da yake Allah ne masani."

Ya dube ni, ya dubi gorar da ke hannunsa.

"Taimama, ga ruwa ga hannuna? Ɗana, tun ba a haihe ka ba nika salla."

Wani daga baya ya ce, "Malam Bashar ya fara ba da fatawa." Aka yi dariya, ni ma na yi murmushi. Ban ce musu idon ya ƙafe ba. Ban ce abin da ke cikin gorunan nan shi ke nan har ƙasa ba. Da suka ga jarkar ba komai, na ce ruwan ya ɗan ja baya, za mu duba da safe. Babba ya yi alwala, kowa ya bi shi. Bayan Isha'i Kawu ya kwance ƙunshin Inna Kulu ya raba wa kowa. Ban taɓa cin banda mai daɗinsa ba. Aka ci, yaji ya kama, aka kora da ruwa.

Da Asuba, cikin sanyin da ke sa haƙora kaɗawa, aka sake alwala. Sannan muka ƙarasa ƙololuwa. Rana ta fito, duwatsu suka yi ja, garin Jos ya bayyana can nesa kamar an watsa tsaba. Kawu Manu ya tsaya a kan dutse mafi tsawo ya buɗe hannuwa.

"Ina Bakatsine? Zaka ka ga kifi bisa dutsi!"

Malam Lawal ya ce, "Na gani. Saura banda, rana tana tafe."

Kafin mu kama hanya na ce kowa ya kawo gorarsa. Na juye su wuri ɗaya. Bai kai lita biyu ba, mu goma, ga tafiyar awa biyar a kan dutsen da ba inuwa. Sai a lokacin na faɗi maganar yadda take. Malam Lawal ya ce, "Tun jiya ka sani?" Na ce tun jiya.

Saukowa ta fi hawa wuya, wannan ku riƙe shi. Gwiwa ce ke aiki, kuma rana tana dukan dutse, dutse yana mayar maka da ita a fuska. Na riƙa raba ruwan da murfin gora, kowa murfi biyu duk bayan rabin awa. Kawu ya riƙa miƙa nasa ga wani malami mai ƙiba da ke layi, yana cewa shi ya saba da rana a jirgi. Ban hana shi ba. Wajen awa uku da tashinmu sai na lura ban ji muryarsa ba tun ɗazu. Na koma baya. Leɓensa ya tsage, gumi ya ɗauke masa ƙaf, jikinsa kamar garwashi. Ya zauna a kan wani dutse ya ce mini in ja homar nan kada ta sarƙe. Homa ita ce ragar kamun kifi. A kan dutsen Shere yake, yana ganin kansa a gulbi.

Baba Azi ya taɓa wuyansa, ya ɗauki jarka, ya ce akwai rugar Fulani ta wata hanyar awaki, mu yi masa inuwa kada mu motsa. Mutumin da ya kusa saba'in ya gangara wannan hanya kamar wanda aka kora. Muka warware tanti, mutum huɗu suka riƙe kusurwoyi. Na girgiza gorar da muka tara, ba ko ɗigo.

Sai Malam Lawal ya sauke jakarsa, ya zaro wata ƙaramar gora daga cikin bargo, ruwa ya wuce rabi. Ya ce tun da ya ga mun dawo da jarka wayam jiya ya zagaya bayan dutse ya yi taimamarsa, haka ma da Asuba.

"Mu da muke jan ruwa a rijiya mai gaba ashirin, jarka ba ta yi mana ƙarya. Na ɓoye ne don na san za a yi haka."

Na kwance ƙullin gishiri da sukari na zuba. Malam Lawal ya ɗora kan Kawu a cinyarsa yana ɗiga masa da murfi, kaɗan-kaɗan, yana magana ba tsayawa. "Sha, tsohon banza. In ka mutu a nan wa zai sayar mini da giwan ruwa? Ka mutu a hannun Bakatsine, a yi ta yi wa Kabawa gori har tashin duniya? Haɗiye." Muka jiƙa gefen rawani da ɗigon ƙarshe muka ɗora masa a wuya. Kusan awa biyu muna haka. Sannan Baba Azi ya ɓullo da jarka a kai, da wasu Fulani biyu a bayansa. A cikin tamfol ɗin tanti muka sauko da Kawu, kuma ɗinkin nan biyu bai ɓalle ba. A wani ƙaramin asibiti aka yi masa ƙarin ruwa leda uku. Da ya buɗe ido, wanda ya fara gani Malam Lawal ne. Ya ce, "Subhanallahi. Wuta aka kai ni?"

Labari ya riga mu isa gida. Ayari biyu da na fara shiryawa suka janye, kuma ban ga laifinsu ba. Shekara guda cur ba wanda ya rubuta suna. Na ninke tantuna na zuba musu maganin asu, na samu aikin awo a wani injin casar shinkafa, da yamma ina koyar da 'yan jarrabawa. Baba Azi ya riƙa bugo waya duk wata, ba don komai ba, wai ya ji ko ina nan.

Bayan dawowarmu sai da na yi mako uku kafin na iya zuwa Argungu. Na tarar da Inna Kulu a tsakar gida tana juya kifi a kan waya. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta ɗago ba.

"Kai na ɗan bokon? Miji na ba ka da ƙahwahunai, kam maido min shi da allura ga hannu."

Na ce laifina ne, Inna.

"Awo, naka na. Da na wanga tsoho da ba ya jin magana. Shiga, shina ciki."

Kawu yana zaune a tabarma yana gyaran homa. Ya rame, amma idonsa ya dawo. Na fara jero ban-haƙurin da na shirya a mota, ya ɗaga hannu.

"Tambaya guda. Ka san hukuncin taimama ranar?"

Na ce na sani.

"Ka san ruwa ya ƙare?"

Na ce na sani.

"To mi ya hana ka hwaɗi?"

Na ce na faɗa, sai dai wataƙila ban faɗa da kyau ba. Na ji nauyinsa ne.

"Ba ka hwaɗi ba. Kac ce wataƙila, kac ce in an ga dama. Ni ko na ga dama in yi alwala." Ya ajiye homar. "Ji nan, Bashar. In na ɗauki mutane cikin jirgi za mu ƙetare gulbi, ko hakimi na, in na ce zauna nan, nan shika zama. In ya tashi tsaye tsawa nika yi mai, ba ni cewa ranka ya daɗe. In mun kai gaɓa sai in duƙa in gaishe shi. Bisa dutsi jirginka na. Kunyar da kaj ji, da ta kai ni kabari, kai ta bari da rai."

Inna Kulu ta shigo da tuwon shinkafa da miyar kifi ta ajiye a gabana da ɗan ƙarfi. Ta ce in ci, ba a zuwa gidanta a koma da yunwa ko da mutum ya yi kisan kai.

A wannan shekarar da ba aiki na sake takardata daga farko. Yanzu ba na lissafa ruwan da ban goya ba. Ido in ya ba mu, alhamdu lillahi, ƙari ne. Na kuma ƙara abu guda a shirin mako shida, wanda nake kira gwajin buta. Kowa zai yi alwala a ƙofar shago a kan daro, yadda ya saba, sai in juye abin da ya taru a gora in nuna masa. Mutumin bakin gulbi yakan yi mamakin kansa. Daga nan mu koma gwangwanin madara, wanki ɗaya-ɗaya, har hannu ya saba. Sannan in faɗa musu tun a nan ƙasa, kowa na ji, cewa in na ce taimama a sama, taimama ce, wanda bai yarda ba ya zauna gida. Na kai wa wani malami a Gwadangaji wannan tsari ya duba, ya ce ba laifi. Kifin banda kuwa sai an sauko.

Da rani ya zagayo aka fara leƙowa, mutum ɗaya, mutum biyu. Ban da tabbacin zan haɗa ayari. Wata Laraba ina kakkaɓe tantuna sai ga kabu-kabu ya tsaya, Kawu Manu ya sauko. Ya zauna a benci, ya sha ruwa, ya dubi mutum uku da ke jiran awon jaka, ya ɗaga murya yadda za su ji.

"Ɗauko takardarka. Rubuta ni. Wancan karon ɗauke ni anka yi, Bakatsine na ta yi min gori. Wanga karon da ƙahwata nika sabkowa."

Na ɗauko takardar. Biro yana hannuna. Na san likitan da ya duba shi bayan dawowarmu ya ce ƙodarsa ta taɓu, kada ya sake wasa da ƙishirwa. Mutanen nan uku sun zuba mini ido. Na ji kalmar nan tawa, wataƙila, ta taso har maƙogwaro, na haɗiye ta.

"A'a, Kawu. Ba za ka hau ba."

"Ni kaka ce ma a'a? Gaban mutane?"

"Kai nake ce wa. Ko bana, ko baɗi. Ba zan rubuta ka ba."

Ya ƙura mini ido. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wata 'yar takarda a ninke, ya ajiye a kan sikeli.

"Madalla. To ga sunan ɗiyata Hauwa'u, wadda ka aikin jinya. Wata shida tana damuna tana son ta hau, ni ko na ce sai na zaka na ji bakinka tukuna. Rubuta ta."